Tukunyar da Na Saka a Kwantena

Ni ba mai jayayya ba ce, balle da ɗan fari. A gidanmu ko sunansa ba na kira, in zan yi masa magana sai in ce "kai wannan". Amma a Guangzhou ta ƙasar Sin na yi jayayya da shi, kuma har yau ban ga laifina ba.

Garinmu a saman tsaunin Mambila yake, inda sanyi ba ya jiran lokacinsa. Malam, mai gidana, ya tsufa da tari a ƙirji. Shekara da shekaru da kaskon gawayi yake kwana a ɗaki, har likita ya ce ko dai a fitar da kaskon ko a shirya likkafani. Muka fitar. Sanyi ya shiga maimakonsa, tarin bai ragu ba. A haka na baro shi na biyo ɗana sarin kayan sallah na shagona.

Mun gama zagayen kasuwar Shisanhang, rigunan yara duk an ɗaure su a sito. Sai ya ce in raka shi wata masana'anta a bayan gari, zai duba injin niƙa. Yana can yana ciniki, ni kuma ina tsakar filin, na ga wani akwatin ƙarfe tsaye a waje kamar ƙaramin ɗaki. Wani mutum ya buɗe shi ya zuba itace ya rufe. Na ɗaga kai ina jiran hayaƙi a bututun sama. Shiru.

Tafintanmu, wani ɗan zangon Hausawan Gana mai yawan raha, ya yi mini bayani. Itacen yana ci a ɓangaren sama na akwatin, fanka tana tura hayaƙin ƙasa, a can hayaƙin ma ya kama da wuta ya ƙone. Zafin ya dafa ruwa, ruwan ya bi bututu ta ƙarƙashin ƙasa ya shiga gida ya ɗumama ɗakuna. Wuta a waje, ɗumi a ciki. Mai masana'antar, da suke kira lawban, ya nuna bututun hayaƙin yana ta cewa, "Meyo, meyo." Wato babu.

Ni bakin ɗan kasuwa ba ya gamsar da ni, nima 'yar kasuwa ce. Na cire farin gyalena na ɗaura a kan wata doguwar gora, na miƙa shi saitin bakin bututun, kamar yadda muke gwada sabon murhu kafin a yi shanya kusa da shi. Ma'aikata suka taru suna dariya. Da na sauke na shinshina. Ɗumi ne da ɗan danshi, ba baƙi. Na sa aka tambaye shi gaskiya, ya ce lokacin kunnawa yakan yi hayaƙi kaɗan, kuma ɗanyen itace ba ya yi masa. To, busar da itace ba a Sin zan koya ba. Itatuwan zaiti kuwa ga su nan a bayan gidanmu.

Da ɗana ya ji zan saya sai ya riƙe baki. "Hajiya, ƙasar rana za ki kai wa wuta? Mutanen ƙanƙara aka yi wa wannan."

"Kai wannan, rabonka da kwana a gida da damina tun yaushe?"

"Fankar da famfon tura ruwan fa? Sai da lantarki."

"Solar da ke riƙe firjin shago ta riƙe su. Lemo ya sha zafi."

"Kwantena ta cika. Ba wurin da zai shiga."

"A sauke kayana."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. Mai shagon da ta dawo daga Sin gab da sallah hannu rabbana, ai ta zama abin hira a gidan biki. Na sani. A masaukinmu na unguwar Sanyuanli ma matan Kano da muke tare ba su raga mini ba. Ɗaya ta ce, "Hajiya mai tukunya, in an dafa a sammana." Na ce mata in ta hau tsauninmu da damina, ita za ta roƙi ɗakin. Ban ɗaga murya ba, ban kuma canza magana ba.

Ranar lodi na riga kowa zuwa sito. An kawo akwatin cikin katako, an ajiye shi gefe, na ga take-taken ɗana so yake a cika motar a ce mini an manta. Sai na ja kujera na zauna a bakin kwantenar, daidai inda masu lodi za su wuce. Direban da zai kai ta tashar jiragen ruwa ta Nansha yana ta danna hon. Tafinta ya ce, "Mma, sai an ɗauke ki da ke da kujerar?" Na ce bismillah, wanda ya isa ya ɗauka.

Babu wanda ya isa. Aka fito da dilolin rigunana ɗaya bayan ɗaya, na sallamar wa wata 'yar Maraɗi su a tsaye. Ɗana ya cire hula ya cusa a aljihu, ya sa kafaɗa tare da masu lodi, yana turawa yana mita.

"Idan ya ƙi aiki kada ki kira ni, Hajiya."

"Zan kira ka. Kai za ka haƙa ramin bututun ma. Tura a hankali, na ubanka ne."