Daudu Mai Shingen Hanya

Kafin a shimfiɗa kwalta tsakanin Batsari da Safana, hanyar ta burji ce, ja wur, mai gargada kamar haƙarƙarin tsohuwar saniya. Duk direban da ya bi ta da damina a wancan zamani ya san Daudu. In bai san sunansa ba ya san fuskarsa, kuma da wuya a sami wanda bai taɓa zaginsa ba, ko a fili ko a zuci.

Asalinsa mutumin Wagini ne, ɗan manoma, gajere mai faɗin ƙirji, ba mai yawan magana ba. Shekarar da aka sami mulkin kai En'e ta ɗebi leburorin hanya, shi ma ya shiga, don gonar gidansu ta yi wa 'yan'uwa shida kaɗan. Aka ba shi diga da shebur da kwanon sarki, aka haɗa shi da wani tsohon hedima mai suna Armaya'u, wanda ya fara aikin hanya tun Turawa na yawo kan doki. Rabon Daudu mil biyar ne, daga wani ƙauye da ake kira Tudun Kanya zuwa bakin korama. Can ya tare da matarsa Hansai, ya yi ɗaki biyu a gefen hanya.

Da rani aikin ba shi da rigima. A haƙo marmara a cike rami, a share lambatu, a ba 'yan itatuwan maɗacin da aka dasa a gefe ruwa. Da damina ne ake yin ta. Doka ce a lokacin: in an yi ruwa mai yawa, babbar mota ba ta hawa burji sai ya tsane, don in ta hau shi da laima sai ta yanka shi kamar an yi huɗa. Saboda haka aka kafa shinge a Tudun Kanya, dogon ƙarfe guda mai dutse ɗaure a gindi. Da Armaya'u ya duba yaransa ya ga babu mai taurin kai kamar Daudu, sai ya danƙa masa shi.

Daga ranar ya daina farin jini. Da an ɗauke ruwa zai fito ya sauke ƙarfen, ya taka hanya da diddige. In diddigen ya nutse, to ko wane ne sai ya jira. Masu jaki da masu keke su raɓa ta gefe su wuce, manyan motoci su jeru, fasinja su sauko su zauna gindin itace suna harararsa. Direbobi sun gwada shi da goro, sun gwada da taba, sun gwada da abin da ya fi goro. Amsarsa ɗaya ce, a yi haƙuri, hanya ba ta sha iska ba.

Hansai mace ce mai dabara. Da ta ga mutane na yini da yunwa a ƙofar gidanta, sai ta fara yin dambu da kunun tsamiya tana aikawa. Kasuwa ta buɗe mata, har ta sayi tunkiya biyu. Ba a yi damina biyu ba magana ta zagaya tashar Batsari cewa ai mai shinge don dambun matarsa yake tsare motoci. Da zancen ya zo kunnen Daudu, ya shiga gida ya ce daga yau an daina. Ta ce masa shi da bai karɓi na kowa ba, mene ne nasa na jin kunyar halalinta? Bai saurare ta ba. Ta kife tukunya, amma ba ta yafe ba, kuma direbobin ba su fasa faɗar abin da suke faɗa ba. Ya yi biyu babu.

Abin da ya fi ci masa rai ya faru ne a daminar shekarar da motoci suka koma hannun dama. An yi ruwa tun asuba har hantsi, ranar kasuwar Batsari. Mota ta farko da ta iso shingen ta Labaran ce, ƙanen Hansai uwa ɗaya uba ɗaya, wanda bai daɗe da samun tuƙi ba. Ya ɗauko buhunan wake da mutane har kan kaya. Ya sauko ya durƙusa ya gaida mijin yayarsa yadda ya kamata, aka tambayi gida da gajiya, sannan ya kawo buƙatarsa. Ya ce in kasuwa ta watse bai isa ba, mai motar zai karɓe makulli.

"Yaya, ni ne fa," in ji shi. "A hankali zan bi, ko alamar taya ba za ka gani ba."

Daudu ya taka hanya, diddigensa ya shige. Ya ce, "In na ɗaga maka, da wane baki zan hana na bayanka?"

Suna cikin haka sai ga tifa uku maƙare da duwatsu, na wani ɗan kwangila da ke gini a gaba. Direban farko ko gaisuwa bai yi ba. Ya miƙo wata takarda ta taga, Daudu kuwa ba ya karatun boko. Ya ce ko takardar wa ce sai hanya ta tsane, ya je ya tsaya a gaban ƙarfen. Mutum biyu suka sauko suka ɗauke shi cak kamar buhu suka ajiye gefe, suka ɗaga shingen da kansu. Fasinjojin da ke gindin itace suka yi ta dariya. Labaran ya dube shi ya ce ashe dokar ta talaka ce, ya hau motarsa ya bi bayansu, sauran ma suka bi.

A gangaren korama duka suka kafe. Sai da aka kwana biyu ana tura su, hanyar ta zama kamar inda aka kwaɓa ƙasar gini. Wata guda Daudu da abokan aikinsa suna ɗaukar marmara a ka suna gyara. Armaya'u ya riga ya rasu, sabon hediman kuma da ya zo bai tambayi wanda ya ɗaga ƙarfe ba, cewa ya yi mai shinge ya yi sakaci. Labaran ya shekara uku bai taka gidan yayarsa ba.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Motoci suka yi yawa, kowa na sauri, shingen ya zama abin wasa. Rediyo ta ce za a yi wa hanyar kwalta, Daudu ya yi murna da gaske, don ya gaji da faɗa da mutane. Safiyo suka zo suka kafa turaku. Ɗan kwangilar farko ya kawo katafila ta kankare burjin da suka shekara goma sha biyar suna tarawa, ta tumɓuke maɗatan da suka riga suka yi inuwa, aka jibge tsakuwa tsibi-tsibi. Da ruwan farko ya sauka suka kwashe injinansu, wai sai bayan damina. Damina uku suka wuce ba a sake ganinsu ba. A shekarun nan hanyar ta fi kowane lokaci lalacewa. Gyaɗar Karare da geron Yasore sai a jaki ake fito da su, kamar zamanin kakanni. Mutane kuwa in sun kafe Daudu suke nema, tunda shi ne na hukuma da suke iya gani da ido.

Kamfani na biyu ya yi aikin cikin rani ɗaya. Suka miƙe hanyar ta ratsa gonaki, ta bar Tudun Kanya can gefe, suka yi gada a kan korama, suka ja farin layi a tsakiya, mai zuwa da hannunsa mai dawowa da nasa. Daudu ya sa rigarsa ta Juma'a ya je sansaninsu neman aiki. Wani matashi da ke zaune a ofis ya tambaye shi ko ya iya tuƙa gireda. Ya ce a'a, amma ya san duk inda ruwa ke bi a mil biyar ɗin nan, kuma kwalbatin da aka sa gab da gada ya yi ƙanƙanta, yana son mai yashe shi duk wata.

"Baba, wannan kwalta ce," in ji matashin cikin ladabi. "Ba ta buƙatar lebura."

Ba a jima ba takardar sallama ta zo musu su duka. Daudu ya koma noma yana da shekara arba'in da 'yan kai, a wata gona da ya samu aro.

Bai taɓa cewa kwaltar ba ta yi amfani ba. Hansai takan je Katsina ganin 'yarsu da safe ta dawo kafin la'asar, abin da a da sai an kwana a hanya. Labaran ma ya sayi motar kansa, ya dawo yana tsayawa gaida yayarsa, shi da Daudu su gaisa sama-sama. Abin da ke tafasa masa zuciya shi ne babu mai duba hanyar. Yashi ya cike kwalbatin, ciyawa ta toshe lambatu. Sau biyu yana hawa mota ya kai rahoto ofishin ayyuka. Na farko aka ce mai ofishin ya tafi taro, na biyu aka ce ya rubuto. Ya dawo ya rantse ba zai ƙara sa baki ba.

A damina ta huɗu da gama aikin, ruwa ya hau kan kwaltar ya cinye rabinta gab da gada. Lokacin kuɗin mai sun ja baya, hukuma ta ce kowane gari ya taimaki kansa. Mai unguwa ya kira aikin gayya, ya aika wa Daudu ya zo ya ja gaba. Daudu ya ce a gaya masa yana da noma na biyu. Kashegari aka sake aikowa, ya ce ai kwalta ce, ba ta buƙatar lebura.

A rana ta uku zai wuce gona ya hango su, mutum kusan talatin, suna ɗibar yashin korama suna zubawa cikin ramin. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, fartanya a kafaɗa. Ya wuce, ya yi taku kamar ashirin, ya dawo. Bai yi wa kowa sallama mai tsawo ba, ya ce a kwashe yashin nan duka, ruwa ɗaya zai tafi da shi. Ya raba su uku, wasu su yashe kwalbati, wasu su kawo dutse, sauran ya kai su tsohon ramin marmara da ƙaya ta rufe. Kwana huɗu yana tsaye a kansu yana faɗa, har samari suka fara gunaguni cewa tsohon nan ya ɗauka biyansu ake yi. Gyaran ya riƙe damina biyu.

Ranar da aka gama ya dawo gida a sunkuye, baya ya riƙe. Ciyawa kuma ta riga ta ci ƙarfin geronsa. Hansai ta ɗora ruwan zafi ta kawo man shafawa, ta tambaye shi ko mai unguwa ya ce an gode. Ya ce bai tsaya ji ba. Ta ce to ya kwanta, gobe za ta aika wa Labaran ya nemo masu noma biyu, in ya so shi Daudu ya ƙi wannan ma.