Tsohon Da Ya Karanta Littafina

Shekara huɗu na yi ina rubuta littafin. Ina koyar da Hausa a wata sakandare a nan Minna, saboda haka sai ranakun Asabar da lokutan hutu nake samun zama. Labarin wani manomi ne da ruwa ya cinye gonarsa, ya dawo gari yana faskaren itace. Da na gama aka buga mini shi a kwamfuta, na fara neman wanda zai wallafa.

Wani kamfani a Kano suka ce littattafan makaranta kaɗai suke ɗauka yanzu. Wasu a Zariya suka karɓa, suka ce in saurare su. Na saurara har damina biyu ta wuce, daga baya ma suka daina ɗaukar wayata. Wani marubuci da nake ganin girmansa ya duba babi biyu ya ce, "Malam, ba soyayya a ciki. Wa zai saya?"

A wannan hali ne na je wurin wani tsoho mai injin buga takardu, a wani lungu kusa da layin dogo, don in ji ko zan iya buga littafin da kaina. Mutumin Gwada ne, Kirista, aikinsa katin biki da kalanda da takardun coci. Ya faɗi abin da aikin zai ci, na ga ya fi ƙarfina. Na miƙe zan tafi sai ya ce in bar masa takardun na mako guda.

"Baba, me za ka yi da su?" na tambaye shi.

"Zan karanta mana. Ba don karatu ka rubuta ba?"

Da na koma na tarar ya bi shafukan da fensir. Hausarsa irin ta mutanenmu na nan ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji.

"Wannan matar manomi, me ya sa ka kashe shi da wuri?" in ji shi. "Shi ne mai hankali a gidan. Kuma kai ba ka taɓa noma doya ba, ko? Ba a shuka doya a wannan wata da ka rubuta."

Kunya ta kama ni, amma wani daɗi ya fi ta. Shi ne mutum na farko da ya karanta littafin daga farko har ƙarshe.

Sai ya jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur, ya fito da damin takardu da suka yi ja, an ɗaure su da zare. Nasa littafin ne, da Turanci, ya buga shi da tafireta tun yana saurayi. Ya ce ya aika da shi wurare da yawa, ba wanda ya karɓa.

"To Baba, ga inji a gabanka kullum, me ya hana ka bugawa?"

"Girman kai," ya ce. "Na ga kamar in ba babban kamfani ya buga ba, ba littafi ba ne. Ina jira, ina jira, har ido ya fara mutuwa. Ɗana, kai kar ka jira. Ka kai gidan rediyo su karanta. Ka shiga gasa. Ko ka sa a waya, yadda yara suke yi. In ka samu hali ka zo mu buga kaɗan. Kowanne ka yi ya fi akwati."

Ban bi shawararsa nan da nan ba, domin ciwon girman kan da ya ambata ni ma ina da shi. Sai da na yi wata biyar ina gyaran wuraren da ya ja wa layi, sannan na daure na fara sakin babi ɗaya duk mako a wani zauren masu karatu na waya. Masu bi ba su da yawa. Amma wata rana wata mata daga Kuta ta turo mini saƙon murya, ta ce abin da ke cikin labarin shi ne ya sami mahaifinta, ta yi magana kaɗan kuka ya ci ƙarfinta.

Washegari bayan an tashi daga makaranta na nufi shagon don in sa masa saƙon ya ji. Na tarar da ƙofa a kulle. Mai shayin da ke gefe ya ce ciwo ya kwantar da shi, an kai shi gida Gwada, a can ya rasu, an yi mako biyu da binne shi.

Na shiga mota na je gaisuwa. 'Yarsa ta fari, wadda takan taya shi aiki a shagon, ta gane ni. Bayan mun gaisa ta shiga ɗaki ta fito da damin takardun nan.

"Malam, bai bar wasiyya a kansu ba," ta ce. "Amma kai kaɗai na taɓa gani ya nuna wa."

Gara ta ci gefen shafukan, na ƙarshe kuwa babu su sam. Na karanta abin da ya rage a cikin kwana uku. Labarin wata yarinya ce da ta bi jirgin ƙasa neman yayanta. Ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba.

'Yar tsohon ce take riƙe da shagon yanzu, kuma ita ta buga mini nawa, kwafi kaɗan, da bango mai sauƙi. Wasu sun shiga hannun mutane, sauran suna nan a ɗakina. Nasa kuwa ina kwafe shi a kwamfuta a hankali, inda gara ta ci in bar gurbi. 'Yan'uwanta maza ba su amince a fitar da shi ba tukuna, sun ce akwai maganganun gida a ciki. Ta ce in ci gaba da kwafewa, za ta sake yi musu magana idan sun taru a Kirsimeti.