Kawu Tanimu da Baƙin Kusfa

Duk wanda ya san Kawu Tanimu wanzami ya san ba ya amsa gaisuwa sai ya duba fuska tukuna. Kana cewa "Kawu, ina kwana?" sai ka ji ya cafke haɓarka, ya juya ka dama, ya juya ka hagu, kamar mai tayin rago. Sai ya gama karanta kumatunka sannan ya ce, "Lafiya lau. To, ku daga ina?" Ko da shi ya yi maka askin suna, sai ka sha wannan tambaya!

A wurin Kawu duk mutanen unguwarmu ta Kusfa baƙi ne. Wancan gidan Nufawa, na kusa da masallaci Barebari, na bayan rijiya Buzaye ne da raƙuminsu ya mutu suka rasa na komawa. Ga Fulani, ga Gwarawa, ga Yarbawa, ga Katsinawa. Bazazzagin asali mutum ɗaya ne tak a cikin ganuwa, shi ne kuma mai rataye da zabira.

Kun tuna Malam Sule duba-gari? Yana da wani dogon tabo a kunci. Ranar da ya fara zama gaban Kawu, ko ruwa ba a shafa masa ba Kawu ya yanke hukunci.

"Babarbare!"

"Haba Baba, kakannina duk a Ƙofar Gayan aka binne su. Sa ne ya soke ni ina yaro."

Kawu ya sake leƙa tabon, ya auna shi da ɗan yatsa, ya girgiza kai. "To, san Babarbare ne. Dubi yadda ya ja layin sak!"

Shi ke nan, Malam Sule ya zama ɗan Barno har ya bar aiki. Duk 'yar Fulanin da ta shigo unguwa da nono, Kawu zai nuna mata ƙofar gidan Malam Sule ya ce, "Ga abokin wasanki can, je ki tsokane shi." Bawan Allah tun yana rantsuwa har ya haƙura ya fara ramawa.

Mutum ɗaya ke iya masa, Innarmu, yayarsa. Wata rana yana zaune a tsakar gidanmu yana cika baki cewa jininsa ko ɗigon baƙunta babu, sai Inna ta ajiye faifai.

"Tanimu, ka ji tsoron Allah. Uwar da ta haife mu ba daga Nufe aka zo da ita ba?"

Na ce yau dai an kama Kawu. Ina! Ko gezau bai yi ba.

"Yaya, da ƙafarta ta zo?"

"Goye aka zo da ita, tana jaririya."

"Ato! Ƙafarta ba ta taɓa taka ƙasar Nufe ba. A Zazzau ta fara tsayuwa. Ƙaro min fura."

Amma abin da ba zan manta ba shi ne zancen aurena. A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ne, ina koyarwa a firamare, na ga Sikira 'yar Alhaji Raji mai ɗinki. Kakanta ne ya zo daga Ilori, ita kuwa Hausarta ta fi tawa gishiri. Babanmu ya riga ya rasu, magana tana hannun yayansa, Baffa Idi. Baffa ya ce atafau, gidanmu ba a taɓa gauraya ba, ba kuma a kansa za a fara ba. Na aika abokansa, na aika limamin unguwa, a banza. Na rame har wandona yana zamewa. Ga shi an ce wani ɗan kasuwa ya fara kai gaisuwa gidan su Sikira.

Kawu dangin uwa ne, ba shi da ta cewa a zancen. Sai dai shi ke yi wa Baffa aski duk Juma'a. Wata Juma'a ina zaure ya zo, ya wasa aska, ya jiƙa kan Baffa, ya fara aiki yana 'yar waƙarsa ta hanci.

"Alhaji Idi, na ji yaron nan ya ga mata."

"Ya ga Bayarabiya dai. Na gama magana."

"To, madalla."

Ya aske rabin kai tas, ya sauko ya ɗauke rabin gashin baki, sannan ya goge askarsa ya mayar cikin zabira ya miƙe.

"Tanimu, ina za ka? Saura rabi!"

"Ai na gama nawa. Wannan rabin na wajen kakanka ne Bafulatani, na aske. Wancan rabin na kakarka ne Bagwariya, wadda ubana ya sha yi wa ƙaho. Tunda ba ka son gauraye, aika Gwari a kira maka wanzaminsu ya ƙarasa."

Wayyo Allah! Ga lokacin masallaci ya matso, ga hula ba ta rufe gashin baki. Baffa ya buɗe baki zai yi faɗa, sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har hawaye, daga nan kuma hawayen suka zama na gaske. Ya ce, "Allah ya jiƙan Kaka. Ita ta goye ni da uwata ta rasu. Har ta mutu ba ta iya faɗin sunana daidai ba." Sannan ya dube ni. "Je ka ce wa Alhaji Raji muna tafe ranar Lahadi. Kai kuma Tanimu, zauna ka ƙarasa, ja'iri!"

Da aka haifi Hajara, 'yarmu ta fari, tsofaffin gida suka taru a kan Kawu ranar suna. Wannan ta ce a yi mata tsagar gidan uba, waccan ta ce ta gidan uwa. Kawu ya aske kan jaririya, ya riƙe ta a tafin hannu yana kallo. Ya ce, "Idan na bi dangin yarinyar nan ɗaya bayan ɗaya, fuskar ba za ta isa ba, sai na haɗa da gadon baya. Ku bar mata abarta yadda Allah ya yi." Ya miƙa ta ba ko ƙwarzane.

Duk da haka bai fasa tsokanar Sikira ba. Kullum cewa yake miyarta ba abinci ba ce, gobara ce, kuma shi Bazazzagi ba zai ƙona hanjinsa a banza ba. Da ciwon ajali ya kwantar da shi wajen ƙarshen shekarun saba'in, komai aka kai bakinsa sai ya kau da kai. Kunu a'a, fura a'a. Ran nan Sikira ta je duba shi da 'yar miyarta a kwano, don kawai kada ta je hannu sake. Ya shinshina, ya buɗe ido.

"'Yar Ilori, miƙo gobarar nan."

Ya sha cokali, ya ƙara, gumi na keto masa. Ita ta ci gaba da ciyar da shi har kwanansa ya ƙare. Yakan riƙe hannunta ya ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka. Amma kada mutanen Kusfa su ji, mutuncina zai zube."

To Kawu, ga shi sun ji, kuma ba abin da ya zube. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka. Allah ya saukar da kai a gidan da ba a mayar da kowa baƙo. Amin.