Sorin Kura

Da muka shiga firamare a Jibiya, kalmar Turancin da muka fara kwasowa ita ce sori. Mu taka ƙafar mutum, sori. Yaro ya faɗi, sori. Mu ratsa ta gaban manya, maimakon gafara, sori. Kakarmu Iya ta tsani kalmar nan.

Bayan isha'i mukan zagaye murhunta tana gasa mana gyaɗa, manyan motoci na jere a bakin iyaka. Ran nan na zubar mata da kunu na ce sori. Ta dube ni sheƙeƙe, ta ce tunda ni maigidan nata na zama Bature, yau tatsuniyar tawa ce.

Wai Kura ce ta tsinto kalmar a shingen kwastan. Ta cinye ɗan akuya, ta ce wa uwar sori. Aka yi wa Zomo rasuwa, ta leƙa ta katanga ta ce sori, ko zama ba ta yi ba. Kwatsam ta faɗa rijiya. Dabbobi suka yi ta zuwa, kowa ya leƙa ya ce sori, ya kama gabansa.

"Mu nan kowace kalma da wurinta," in ji Iya. "Mai ciwo, sannu. Wanda ka ɓata ma rai, ka duƙa. Wanda an ka yi ma rashi, da ƙahwarka za ka tahi."

Mu dai dariyar Kura muka sha.

Bana mijin ƙanwata Hadiza ya rasu a ƙauyensu, tsallaken iyaka. Ita ta goyi ɗana Sani, ta riƙe shi har ya shiga makaranta. Yanzu yana aiki a Katsina, sai ya tura mata sori ta waya. Hadiza ta ce mini daga yau ba ta da ɗa.

Raina ya ɓaci matuƙa. Na kira shi, wai tsallakawa akwai wahala yanzu. Na ce 'yan acaba da buhuna ma kullum suna tsallakawa, shi wane kaya ya ɗauko? Na tasa shi gaba da kaina.

A hanya na fahimci ba da Turanci Iya take faɗa ba. Haushinta kalmar da ake jefa wa mutum a tsaye, ana tafiya.

Da muka isa, Sani ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Hadiza ta daɗe ba ta dube shi ba. Can sai ta matsa masa gefen tabarma.