Inna Suwaiba da Irin Kalankuwa

A Sakajiki, idan lauje ya ci yatsan mutum da kaka, gidan Inna Suwaiba yake nufa. Ita ba 'yar magori ba ce. Abu guda ta gada wurin kakarta, sanin kalankuwa, ciyawar nan mai kaushin ganye kamar harshen saniya, mai fure rawaya da ke buɗewa idan damina ta fara ban kwana. Takan murtsuke ganyen a tafin hannu, ta matse ruwan a kan yankan, ta danne har jini ya tsaya. Shekara arba'in tana yi, ko goro ba ta karɓa, sai dai ta ƙara maka da faɗa kyauta.

A da kalankuwa ba abin nema ba ce, kowace iyakar gona cike take da ita. Sai maganin feshi ya shigo. Manoma suka huta, ita kuwa ciyawar ta yi ta ja da baya, har shekarar da Suwaiba ta taka daga bayan gari zuwa bakin rafi ta samu gindi biyu tak. Ranar ta yi kuka, ba ta ɓoye ba. Ta ga abin da ake zuwa wurinta dominsa zai ƙare tun tana da rai.

Furen kam ta san shi sarai. Abin da mutane ke kira fure ɗaya taron furanni ne: na gefe masu faɗi 'yan kwalliya ne, ƙananan tsakiya su ke yin iri. Ta jira kwalliyar ta zube, kawunan suka bushe, ta murza, ta ƙulle abin da bai cika cokali ba a tsumma.

Da ruwan shuka ya sauka ta ɗauki sungumin mijinta, Malam Mudi, ta nufi bayan rumbu.

"Mi za ki shukawa nan?" in ji shi.

"Kalankuwa, Malam."

"Haki? Shekara sittin ina yaƙi da haki, yau an yi mai gona cikin gidana! Bari in kawo miki taki."

"Yi dariyarka. Randa lauje yac cije ka, ina nan."

Ta yi shuka yadda hannunta ya saba tun tana yarinya: a sara, a zuba, a rufe da diddige, a danne. Haka ake wa gero, haka ake wa dawa. Bai zo mata a rai ba cewa babu wanda ya taɓa binne kalankuwa a daji. Ƙwayar ƙanƙanuwa ce, a saman ƙasa take faɗuwa ta tsiro. Mako uku tana zagaya ramukan. Gero ya fito a gonaki har an kama noman fari, nata shiru. Ta tona rami ɗaya, ƙwayoyin sun ruɓe. Ta koma bakin rafi ko gindin nan biyu sun bar baya, ta tarar an faɗaɗa gona an yi feshi.

Daga nan ta daina zancen. Mudi ma ya daina tsokana, wannan kuwa ya fi yi mata ciwo.

Wata safiya ya ɗauki fartanya zai share gindin danga, don shi ba ya iya ganin kore inda bai shuka ba. Ya ɗaga, sai ya tsaya. Tsiro huɗu, ganye bibbiyu suna fuskantar juna.

"Ke, taho ki diba. Wanga naki na?"

Ta durƙusa ta shafa ganyen, ta ji kaushin.

"Nan nik kakkaɓe tsumman," in ji ta. "Malam, aje hauyar ga nesa."

A kakar nan duk wanda ya zo da yanka, wankewa ta yi ta ɗaure, ta tura shi wurin mai magani. Aka yi ta gunaguni, wai Inna ta koyi rowa da tsufa. Abin ya sosa mata rai, amma ko ganye ɗaya ba ta tsinka ba har furannin suka buɗe suka bushe.

Da damina ta dawo, ta watsa irin a saman jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta daɗe tsaye a kansa, diddigenta na ƙaiƙayin rufe shi. Sannan ta juya ta shige ɗaki, ta bar shi a buɗe.