Mutumin da Ba Ya Tsallake Sarangi

Ina jiran a zo kan wasana a wani ɗakin ɗaukar sauti a Lahore, idona na kan mai haɗa wayoyi. Ban san sunansa ba. Furfura ta cinye gemunsa, gwiwoyin wandonsa sun koɗe don durƙuso. Da gani ya shekara talatin yana naɗar muryoyin mutane, ba mai tambayar tasa.

Saura minti goma a ɗauke wuta, kuma Ustad Mehr Din, tsohon mai goga sarangi, wato gogen mutanen nan, ya ce yatsunsa ba za su kai gobe ba. Wayoyin makirfo biyu sun shiga rakoda, saura ɗaya a hannun mai haɗa wayoyin. Taku guda ne tsakaninsa da na'urar, amma sarangin na kwance a hanya.

"Haba malam, tsallaka mana! Itace ne fa!" in ji mai ɗakin.

"Kai ka taɓa tsallake babanka?" Ko ɗagowa bai yi ba.

Ya zagaya ta bayan masu kaɗa gangunan tabla yana nishi. Waya ta gaza, ya nemo wata ya ƙara. Saura minti huɗu.

"Ustad ji, bismillah. Gajeriya za ka ba mu."