Piyanon da Auta ya zaɓar mini

Ƙanena, wanda muke ciki ɗaya, shi ya sayar wa 'yan siyasa da waƙar uwarmu, kuma ya bari ta mutu tana tsammanin ni na sayar. Abin da ya yi mini ke nan. Saura duk bayani ne na yadda anka yi.

Mu manoman Tajaye ne, gero da wake. Babu makaɗi a zuriyarmu, ko mai buga ƙwarya. Ni na yi lakwal, makarantar boko, ban ci jarrabawar sartifika ba, na bari. Auta, haka muke kiran ƙanen nawa don daga shi Inna ba ta ƙara ba, ya ci, ya wuce kwaleji, daga can sai Yamai, sai buro, aikin ofis. Ni kuwa cirani ya kai ni Malbaza ina dakon buhun siminti, ran hutu in sauka Konni. A Konni na faɗa hannun wasu samari masu orkes, ƙungiyar kiɗan zamani, a gidan matasa. Ɗaukar lasifika na fara yi musu. Suna da wani ɗan piyano mai aiki da pil, wato batir, rabin haƙoransa sun yi rawaya, kowa ya raina shi. A kansa na koya, da kunne, ba wanda ya nuna mini. Da labari ya kai gida Inna ta ce, "To, ɗan manoma ya koma roƙo." Ba ta ƙara ba, ba ta kuma manta ba.

Tsakanina da Auta akwai ɗiyan da Inna ta haifa, sunka koma kafin yaye. Ba ta kiran sunansu a magana, ko da kuskure. Sai da hantsi, in maza sun tafi gona gida ya yi shiru, ta durƙusa bakin dutsen niƙa, tana niƙa tana rera su ɗaya bayan ɗaya. Muryar takan hau kaɗan, ta tsaya, sannan ta sauko ƙasa-ƙasa har sai ka kasa kunne. Wurin kowane suna takan dakatar da dutsen. Ni na san fuskar wasu daga cikinsu, na goya wasu. Auta bai tarar da ko ɗaya ba.

Na sha gwada wannan karin a ɗan piyanon orkes, bai taɓa fita ba. Irin waɗancan, ka danna da ƙarfi ka danna a hankali, ƙara ɗaya ce. Ba su san sassautawa ba.

Da samarin orkes sunka watse, kowa ya kama gabansa, na ce zan sayi piyano nawa, in riƙa zagaya bukin ƙauye: Tsarnawa, Illela, duk inda anka kira. Na daɗe ina tari. Auta ya zo hutu, ya ce shi zai raka ni Sakkwato don kar a cuce ni da Turanci. Na yi murna, wallahi. Na ga ƙanena mai ilimi bai ji kunyar sana'ata ba.

A shagon kayan kiɗa na Sakkwato akwai wanda na je dominsa. Marar nauyi ne, ka saɓa a kafaɗa ka hau bayan mota. Shina cin pil, shina da lasifikarsa mai ƙarfi, da maɓallan da in ka danna ganga ta kama bugawa da kanta. Na ce wa mai shago shi sauko mini da shi. Auta shina can ƙurya, ya duƙa bayan wani dogo baƙi.

"Yaya, bar wancan, abin wasan yara ne. Zo ka ga bayan wanga."

Na leƙa. Wasu 'yan ramuka ne masu da'ira, jere.

"Nan ake sa waya ta shiga kwamfuta. Duk abin da yatsunka sunka yi, ita za ta riƙe."

"Kwamfutar wa? Ta maigarin Tajaye?"

"Duniya can ta nufa, Yaya."

"Ni Tsarnawa na nufa. Shina cin pil?"

Mai shago ya ce a'a, sai wuta.

"To in an kira ni bukin ƙauye, a ƙahon saniya zan ɗaura wayar?"

Mai shago ya yi dariya, ya ce in dai taɓa, taɓawa kyauta ce. Ya kunna. Na ɗora hannu, na ji haƙoran da nauyi, suna turo yatsa kamar mai rai. Na danna a hankali, ya amsa a hankali. Ban san lokacin da hannuna ya kama karin Inna ba. Ya hau, ya tsaya, ya sauko ƙasa-ƙasa yadda take yi.

Auta ya matso kusa da kunnena. "Inna ta tsufa. Ran da ta tafi, wagga waƙa ta tafi. Kai ma mutum ne, Yaya. Amma in ta shiga kwamfuta, jikokinmu za su ji."

Da wannan maganar ya saye ni. Na bar mai pil a kan kantar shagon, munka ɗauki baƙin, mutum biyu da ƙyar.

Ban yi komai a ɓoye ba. Na je Tajaye na sami Inna tana ɓarar wake a inuwar rumbu, na gaya mata ina so in ajiye waƙarta a kwamfuta. Ta ajiye waken da ke hannunta. Sannan ta ce, "Wannan ba waƙa ba ce, kuka ne. In ajiyewa za ka yi, ajiye. Amma kar kunnen waje ya ji." Na ce na yi alkawari.

Na kai piyanon Yamai a saman mota, na naɗe shi da bargo biyu. Auta shina da aboki mai wani ɗaki inda ake haɗa kaset. Anka sa waya, na buga sau ɗaya, daga farko har ƙarshe. Na zaci murya zan ji an ɗauka. Ashe ba murya take kamawa ba, motsin yatsu take kamawa. A gilashin kwamfutar sai wasu 'yan sanduna, dogaye da gajeru. Abokin ya taɓa wani abu, piyanona ya kama bugawa shi kaɗai, hannuna na kan cinya. Ya sake taɓawa, ya koma muryar algaita. Ya sake, ya kama gudu.

Na ce, "Tsai da shi. Mayar da shi yadda na buga."

Auta ya ce, "Gwadawa ce kawai, Yaya."

Na gaya mishi abin da Inna ta ce, a gaban abokin nasa, da Hausa wadda ba ta buƙatar tafinta. Ya ce ya ji.

Na dawo Konni da kayana. Bukin ƙauye ya wuce ni, don ba wuta. Cikin gari kuma, ana tsakiyar rawa kuran, wutar lantarki, ta ɗauke, mata su yi mini ihu kamar ni na kashe. Wani yaro ya sayo irin mai pil ɗin nan, shi ya kwashe Tsarnawa da kewaye. Na koma dakon siminti, piyano na ɗaki rufe da zane. Duk wannan ban riƙe Auta da shi ba. Ni na zaɓa da hannuna, kuma in na buga shi ni kaɗai ina jin daɗinsa.

Sai lokacin zaɓe ya zo. Ran kasuwar Illela na je sayen akuya. Ina cikin ciniki wata mota ta shigo da tutoci da lasifika a kanta, yara na bin ta da gudu. Kiɗa mai zafi, ganga, algaita, wata mace tana zuba kirarin ɗan takara. Ƙafata ma ta fara motsi kafin in gane. Karin Inna ne. An ninka saurinsa. Wuraren da take dakatar da dutse ta kira mataccen ɗanta, nan anka cusa sunan mutumin, jama'a na amsawa da tafi.

Na saki igiyar akuya. Na tambayi direba inda sunka nufa daga nan. Ya ce ai daga Tajaye suke, can sunka yi hantsi, mutanen garin sun yi rawa ƙwarai.

Da na isa gida Inna na ɗaki, ta juya wa ƙofa baya. Na yi sallama, ta amsa don sallama ce. Na durƙusa na rantse mata ba ni ba ne, na ce Auta ne.

"Auta mi ya sani ga kiɗa? Auta mutumin buro ne. Wa ya zo nan ya roƙe ni? Wa ke cin abinci da yatsunsa a gidan buki?"

"Inna, na'ura ce ke yi, ba sai da ni ba."

"Hannunka ne. Na ji hannunka. Ka sayar, kuma ka zo ka laƙa wa ƙanenka."

Gaskiya ta faɗa, hannuna ne. Ta yaya zan fahimtar da tsohuwar da ba ta taɓa ganin ƙwan lantarki a ɗakinta ba cewa ana iya ɗaukar hannun mutum a yi aiki da shi, shi yana Malbaza shina dako?

Daga ranar ba ta ƙara rerawa ba. Matar maƙwabcinmu ta ce ko niƙan ma ta bari, sai ta aika inji. Kaset ɗin kuwa ya cika gari, har yara na yi a bakin rijiya.

Na aika wa Auta saƙo ta hannun direbobin tasha, sau da yawa, shi zo shi gaya mata. Sai bayan zaɓe ya zo, da sabuwar mota, an ba shi kujera babba. Ya kawo sukari da atamfa da buhun shinkafa. Munka zauna gabanta mu biyu. Ta kama hannunsa ta ce, "Auta, ka ga abin da yayanka ya yi mini?"

Na dube shi. Kalma kaɗan ce. Ya sunkuyar da kai, ya shafa hannunta, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ki yafe mishi."

Na tashi na fita, don in na zauna zan yi abin da ba a yi gaban uwa.

Ta ƙara damina ɗaya. Ni na yi jinyarta, ni ke ɗaga ta, ni ke ba ta kunu. Tana karɓa, tana cewa Allah shi yi albarka, amma ba ta duban idona. Da haka ta cika.

Ran sadakar uku, da mutane sunka ragu, Auta ya biyo ni bayan gida inda nake ba dabbobi harawa. Ya tsaya da farar shaddarsa, shina kauce wa kashin awaki.

"Yaya, ka saki ranka. Wallahi ta yafe maka, a gabana ta faɗa. Abin da ya wuce ya wuce. Mu biyu munka rage."

Na ajiye harawar, na matsa har ina jin turarensa.

Na ce, "Ta yafe mini abin da ban yi ba. Kai da ka yi, ba ta yafe maka ba, don ba ka bari ta sani ba. Taka gafarar tana bakinta anka rufe ta da ƙasa. Ba ta wurina, kar ka zo nema. Shiga motarka, Auta."